Ɗakin Sanduna a Silimar Tsamiya

Yaran da ke taya ni aiki yanzu sukan ce mini, "Baba Madu, ai haska fim ba aiki ba ne, danna maɓalli ne kawai." Ba na musu da su, domin abin da suka tarar ke nan: a soka filash a kwamfuta, a zauna ana latsa waya har fim ya ƙare. Shekara arba'in da ɗoriya na yi a Silimar Tsamiya, nan bakin unguwar Hausari a Potiskum, kuma a tsawon wannan zama sau ɗaya tak gidan ya kusa mutuwa, ya kusa tafiya da mai ƙofarmu, Baba Gimba. Ba inji ne ya jawo ba, ba kuwa fim ba. Sanduna ne. Amma sai kun san gidan tukuna kafin in kai ku can.

Alhaji Sule ne ya gina shi, wani ɗan kasuwar goro da iyayensa suka zo daga Kano. Katanga huɗu ce ba rufi, da bango ɗaya mai tsawo da muke shafa wa farar ƙasa duk bayan damina, shi ne allonmu. Akwai sunan da Alhaji ya sa aka rubuta a ƙofa, amma ba wanda ya taɓa kiran gidan da shi. Tsamiyar da ke bakin ƙofa ita ta cinye sunan. Benci a gaba, kujerun ƙarfe a baya, a can sama kuma wani ɗan ɗaki mai taga kamar ta kurkuku, inda injin majigi yake. A wannan ɗaki na tsufa.

Aikina na farko shi ne naɗe fim. Maigidana Malam Haruna, wanda ya koyo sana'ar a Jos, ya ɗora ni a kan teburin naɗi ya ce kada in kuskura in taɓa inji. Fim yana zuwa daga Kano a bayan mota, faifai biyar ko shida cikin gwangwanaye, kuma kafin ya iso mu ya zaga garuruwa ya sha wuya. Sai in juya faifai da hannun dama, in riƙe gefen fim da tsumma tsakanin yatsu biyu na hagu. Duk inda haƙorin gefen fim ya karye ko fim ya tsage, yatsa ne zai gaya maka, ba ido ba. In ka samu, ka yanke da reza, ka kankare bakin, ka shafa gam, ka danne ka ƙirga ashirin. Shekara biyu ina wannan. Ranar da na yi ƙorafi, Malam Haruna ya ce, "Wanda bai iya jinyar fim ba, ba ya haska shi." Na koma kan teburina.

Da aka sake mini inji kuma na gane naɗi hutu ne. Hasken majigin wancan zamani daga sandunan kabon biyu yake fitowa, suna ci da wuta baki da baki, suna ƙarewa a hankali. Dole hannunka na kan abin murɗawar da ke matso da su. Ka yi gyangyaɗi kaɗan, hoto ya yi ja ya dushe, sai ka ji gida ya ɗauka gaba ɗaya, "Ofareta! Ofareta!" daga nan a gangara kan iyayenka. Injinmu ɗaya ne, saboda haka in faifai ya ƙare sai a kunna fitila, mai gyaɗa da mai rake su zaga, ni kuwa ina sama ina zare wannan ina zura wancan, gumi na ɗiga a kan ƙarfe mai zafi.

Kuskurena mafi girma a makon farko na yi shi. Na sa faifai na biyar kafin na huɗu. Mugun da ke cikin fim ɗin, na Indiya, ya mutu, an yi masa kuka, an ƙone gawarsa, sai ga shi bayan an canja faifai ya fito garau yana cin abinci. Gida ya yi tsit. Can wani dattijo a benci ya miƙe ya ce, "La ilaha illallahu, Indiyawa sun fi ƙarfinmu!" Ba wanda ya nemi ba'asi, wasu ma sun dawo washegari don su sake gani. Malam Haruna dai bai yi dariya ba, kuma tun ranar nake rubuta lamba da alli a kan kowane gwangwani.

Masu kallonmu iri-iri ne: direbobin tirela, maɗinka, 'yan makaranta da suka tsallako katanga. Amma ranar kasuwar shanu ita ce ranarmu. Makiyaya sukan taso daga kara, wato kasuwar shanun, sun sayar da abin da za su sayar, su cika bencin gaba. Su ne masu kallon da na fi so, domin da gaske suke kallo. In mugu ya laɓe a bayan jarumi sai ka ji ana yi wa jarumin ihu ya waiwaya. Matsala ɗaya ce: Bafulatani ba ya rabuwa da sandarsa, da yawa kuma akwai wuƙa a ƙugu ko adda a kafaɗa. Wata rana aka yi gardamar wurin zama, kai biyu suka fashe. Alhaji ya kafa doka: ba mai shiga da sanda ko ƙarfe, kowa ya ajiye a ƙofa.

Dokar ba za ta yi kwana uku ba in ba don Baba Gimba ba. Mutumin unguwar Yindiski ne, ɗan ƙabilar Ngizim, dogo, mara yawan magana, Hausarsa kuma komai namiji ne a bakinsa, har matarsa. Akwai wani ɗan ɗaki a ƙasan nawa, nan yake jera ajiya. Zai karɓi sanda, ya dubi fuskar mai ita, ya shafa ta daga kai zuwa gindi, ya jingine. In an tashi, mutum arba'in su yi cincirindo a ƙofa, ba ya tambayar kowa komai, hannu kawai yake miƙawa ciki ya ba kowa tasa. Alhaji ya taɓa sa maƙeri ya yanko lambobin gwangwani, ɗaya a ɗaura wa sanda, ɗaya a ba mai ita. Baba Gimba ya ji haushi ƙwarai. Ya ce, "Alhaji, ni ne ba ka yarda ba, ko idona ne?" Makiyayan ma suka ƙi, suka ce mutum suka ba ajiya, ba gwangwani ba. Lambobin suka ƙare a hannun yara suna wasa. Mu duka muka yi ta alfahari da wannan, ba wanda ya hango ranar da za a tambaye mu takarda.

Zamani ya yi ta juyawa. Faifai ya daina zuwa, kaset ya shigo, bayansa CD, sannan muka kafa dish muna nuna ƙwallo. Silimomin da suka fi mu girma suka zama shaguna da wuraren ajiye hatsi. Malam Haruna ya rasu, Alhaji ya bi shi, gidan ya koma hannun babbar 'yarsa, Hajiya Asabe, wadda ta ce muddin akwai mutum goma da za su zauna a benci, ba za ta rufe abin da mahaifinta ya buɗe ba. Dokar sanda dai tana nan, Baba Gimba yana nan a ƙofa, gemu ya yi fari fat.

Sai shekarun rikici suka zo. Ba sai na ba ku labarinsu ba, kowane gida a garin nan yana da nasa. An hana babur, an yanke layin waya, an sa dokar hana fita tun kafin magariba. Silima mara rufi kuwa da duhu take aiki. Muka rufa rabin gidan da kwano, muka zagaye da tamfol, muka mayar da kallo bayan azahar. Zafi a ciki kamar gidan burodi, amma mutane suna zuwa, don an gaji da zaman tsoro a gida.

Wata ranar kasuwa, ana tsakiyar fim, sai muka ji wata ƙara daga bakin titi, har kwano ya amsa. Daga baya aka gane tayar tirela ce ta fashe, amma a wancan lokaci wa zai tsaya tambaya? Ƙafa me na ci ban ba ki ba. Wasu ta ƙofa, wasu ta katanga, wani ma ta cikin tamfol ya yi wa kansa hanya. Ni kaina ban san yadda na sauko daga bene ba. Ba makiyayi ɗaya da ya tsaya karɓar sandarsa. Baba Gimba ya kulle ɗakin ajiya ya tafi gida, ya ce gobe ma rana ce.

Da safe jami'an tsaro suka zagaye unguwar suna bincike gida-gida, saboda an ga mutane suna tsallake katangarmu a guje. Suka sa aka buɗe ɗakin. Sanda arba'in da ɗaya, wuƙa bakwai, adda biyu, da kwari da baka ɗaya. Shugabansu, wanda kowa ke kira Oga, baƙo ne a ƙasar nan, Hausarsa ta bariki ce. Ya tambayi wane ne mai ɗakin. Baba Gimba ya ce shi ne. Aka sa shi a mota da kayan gaba ɗaya, aka garƙame mana gida, aka yi jan fenti a ƙofa. A lokacin kowa ya san ma'anar jan fenti: gidan da aka samu makamai, rushe shi ake yi.

Ni da Hajiya Asabe da mai unguwa muka bi su har sansaninsu a bayan gari. Sai da muka yini a rana kafin Oga ya gan mu. Na yi masa bayanin al'adar gidan tun daga farko. Ya saurara, ba zan yi masa ƙarya ba, sannan ya miƙo hannu.

"To, kawo littafi. Wanda an rubuta sunan mutane da kayan su."

Na ce, "Ranka ya daɗe, babu littafi."

"Rasit? Lamba?"

"Babu. Shi Baba a ka yake riƙewa."

Ya yi wata dariya da ba ta yi mini daɗi ba. "Mutum arba'in da ɗaya, tsoho ɗaya, babu takarda. Kai in kai ne ni, za ka yarda?"

Gaskiya in ni ne shi ba zan yarda ba. Ya ce nan da kwana bakwai mota za ta kwashi waɗanda ke hannunsu ta yi gaba da su, kuma mun san waɗanda aka yi gaba da su ba kasafai ake sake jin labarinsu ba. Hajiya ta ce, "In masu kayan suka zo da ƙafarsu fa?" Oga ya ɗaga kafaɗa ya ce in sun zo zai gani. A fuskarsa na ga bai yi tsammanin ko mutum ɗaya zai zo ba.

Ni ma ban yi tsammani ba. A shekarar nan wane mai hankali ne zai kai kansa sansani ya ce wuƙar da aka kama tasa ce? Ga shi babu waya, babu babur, ban san sunan kowa a cikinsu ba, don ni daga taga nake ganin ƙeyarsu. Hajiya ce ta kawo dabara. Ta ce in je inda matan Fulani ke sauke ƙwaryar nono da safe, su ne wayar da ba a yanke ba. Na hau kekena na bi su ɗaya bayan ɗaya, Hausari, Bolewa, bakin tasha, ina maimaita magana ɗaya: tsohon da ke karɓar sanda a Tsamiya yana hannu saboda ajiyarku. Wasu suka kawar da kai kamar ba su ji ba. Wata dattijuwa ta ce in dawo jibi.

Da na dawo ta haɗa ni da Arɗo Bello, shugaban wasu rugage a kudancin gari. Na same shi a gindin wata bishiya kusa da kara. Ya saurare ni har na gama, yana ta zane a ƙasa da tsinke.

Can ya ce, "Ofareta, ka san abin da kake roƙo? In na kai yara can aka riƙe su, me zan gaya wa uwayensu?"

Na ce, "Na sani, Arɗo. Ba ni da alkawarin da zan yi maka."

"Tsohon nan, shekara nawa yana riƙe mana sanda?"

"Tun kafin a haifi yawancin yaran."

"Ko ɗaya ta taɓa ɓata?"

"Ko ɗaya."

Ya jefar da tsinken ya ce in tafi, zai yi shawara. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Kwana ukun da suka biyo baya ban san ɗanɗanon abinci ba. Tsoro nake ji ƙwarai, ina kuma jin haushin kaina da na yi shekaru ina yi wa lambobin Alhaji dariya.

Ranar kasuwa ta zagayo, saura kwana ɗaya mota ta tashi. Tun hantsi muna tsaye a ƙofar sansani ni da Hajiya da mai unguwa. Azahar ta yi, ba kowa. Mai unguwa ya fara cewa mu yi haƙuri da ƙaddara. Sai ga su sun ɓullo ta hanyar kara, a jere, Arɗo a gaba, kowa da malafarsa, hannuwa a sake. Ban taɓa ganin makiyaya da yawa haka ba sanda ba, tafiyar ma ba ta yi musu kyau. Na ƙirga talatin da huɗu. Hajiya ta ja mayafi ta rufe fuska.

Oga ya fito ya dube su ya daɗe. Ya ce ai ana iya haɗa baki, saboda haka shi zai tsara yadda za a yi. Ya zaunar da wani jami'i mai jin Hausa da littafi a gefe, kowane makiyayi ya je shi kaɗai ya faɗi alamar kayansa a rubuta. Aka zube kayan a tsakar fili, aka cakuɗa. Sannan aka fito da Baba Gimba. Ya rame, rigarsa ta yi daƙal-daƙal, yana ƙifta ido saboda rana. Na ce a raina kwana shida a ɗaki mai duhu ai sun isa su goge wa tsoho komai.

Na farko ya matso. Baba Gimba ya dube shi, ya sunkuya, ya shafa sanda biyu uku, ya zaro wata mai ɗaurin jar fata a wuya. Mai littafi ya duba ya ce haka ne. Na biyu, gora mai tsaguwa a gindi. Haka ne. Na uku wuƙa ce mai kube baƙi, da sanda mai ƙona a tsakiya, ya haɗa masa duka biyun. Tun ana ƙirgawa har aka daina. Jami'an da ke gadi suka baro inuwa suka zagaye mu, in ya zaro daidai sai ka ji sun yi sowa kamar 'yan bencin gaba. In ka ji makaho ya ce a yi wasan jifa, ya taka dutse.

Wajen mutum na ashirin, wani saurayi ya matso da malafa da rigar saƙi. Baba Gimba ya dube shi, ya dubi tarin, ya sake dubansa. Bai sunkuya ba. Na ce a raina shi ke nan, an zo inda za a faɗi.

Oga ya ce, "Baba, yaya? Ka manta?"

Baba Gimba ya ce, "Ban manta ba. Wannan yaro bai ba ni komai ba. Ban taɓa ganin shi a ƙofa na ba. Kuma malafan nan ba nashi ba ne, na wancan ne mai tsaye a baya, kan shi yana shan rana."

Oga ya fashe da dariya har da dukan cinya. Ashe yaronsa ne ya sa ya ari malafa da riga ya shiga layi. Ya juya ga mai littafi ya ce ya rufe littafin, ya isa. Amma Baba Gimba bai tsaya ba sai da ya sallami sauran duka, ɗaya bayan ɗaya, don a ganinsa ba jarrabawa yake ci ba, ajiya yake mayarwa.

Oga ya ce wuƙaƙe da adduna Arɗo ya tattara ya fita da su gari, kada a sake shigowa da su sai ƙura ta lafa. Ya miƙo wa Hajiya makullin gidanta, ya ce a goge fentin. Sannan ya dafa kafaɗar tsohon ya ce, "Baba, tafi gida." Ni a lokacin na zauna a ƙasa daɓas. Wani sanyi ya ratsa ni tun daga ka har tafin ƙafa, ban san ina hawaye ba sai da mai unguwa ya miƙo mini hankici.

Muka juya za mu tafi, sai muka ga Baba Gimba bai motsa ba. Yana tsaye a kan sanduna bakwai da suka rage a ƙasa. Na koma na kama hannunsa na ce a hankali, "Baba, don girman Allah mu tafi tun bai canja ra'ayi ba." Ya fizge hannunsa.

Ya ce wa Oga, "Ranka ya daɗe, saura bakwai. Masu shi ba su zo ba."

Oga ya ce, "Bar su nan. Itace ne kawai."

"A wurin ka itace ne. Ni mutum bakwai ne suka ba ni. In sun zo ƙofa, me zan ce?"

Mai unguwa ya runtse ido, Hajiya ta ɗora hannu a ka. Oga ya dubi tsohon nan da ya kwana shida a hannunsa, ya dubi sandunan, ya girgiza kai. Sai ya sunkuya da kansa ya tattara su, ya cire igiyar takalmin wani yaronsa ya ɗaure, ya miƙa masa da hannu biyu.

Na ce in ɗaukar masa, ya hana. A kafaɗarsa ya saɓa su tun daga sansani har gindin tsamiya, bai ko biya gida ya sha ruwa ba, ya sa Hajiya ta buɗe, ya jingine su a inda suke. Kafin wata ya ƙare mutum bakwai ɗin nan duk sun zo, kowa da kunyarsa da ƙwaryar nono ta ban haƙuri. Bai yi wa kowa gori ba, bai kuma tambayi kowa wacce ce tasa ba.